Kyamarar Mudi da Ragon Baba Sallau

Wani mutum ne a Malumfashi, sunansa Mudansir, ana ce masa Mudi. Shi kuwa ya fi son a ce Darakta. In kana son ka ga haƙoransa duka a waje, kira shi da wannan sunan. A zamanin ne da waya mai hoto ba ta cika gari ba, duk wanda ya rataya kyamarar bidiyo a kafaɗa kallon babban ma'aikaci ake yi masa.

Tasa gwanjo ce, a Kano ya sayo ta. Rubutun cikinta kaf na mutanen Japan ne, ko harafi ɗaya bai san inda ya dosa ba. Abin da ya iya shi ne danna jan maɓalli. Amma fa baki, Allah ya hore masa.

"Wannan da kuke gani," in ji shi a majalisar mai shayi, "irinta biyu ce a duk ƙasar nan, ɗayar ma ta lalace. Ko cikin rijiya na zura ta sai ta ƙirga muku kwaɗi."

Sa'ar da ya yi, duk aikin da yake samu a fili ne da rana tsaka, wasan ƙwallo ko bikin buɗe famfo. Rana ke yi masa aikin, shi yana karɓar yabon.

To, Mudi ya ga yarinya, Zuwaira, har abin ya hana shi sakat, ita ma ba ta ƙi ba. Matsalar ubanta ne, Baba Sallau mai kiwon raguna, dattijo mai wuyar sha'ani. An je masa da magana, bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya ce yana nazarin yaron tukuna. Tun daga ranar Mudi ke neman hanyar da zai burge tsohon nan, ko ta halin ƙaƙa.

Rannan da hantsi sai ga aike, Baba na kira. Mudi ya shafa turare kamar zai ƙarar da kwalbar, ya saɓi kyamara, ya je ya zube a zaure.

"Mudi, an ce kana ɗaukar hoto mai motsi."

"Baba, ai in ana maganar hoto a garin nan, an zo gida."

"Akwai ragon da na turke wa babban ɗana da ke Legas, na layya. So nake ka ɗauke shi a kaset, in ba direba ya kai masa, ya ga abin da ubansa ya kiwata."

Aka shiga da shi can ƙuryar gida. Rago ne fari tas, katoto, wuya kamar turmi. Amma ɗakin da yake ciki duhu dunɗum. Taga ɗaya ce, ita ma an cusa mata buhu.

"Baba, ko za a ɗan fito da shi tsakar gida?"

"A fito da wa? Tun yana ɗan ƙarami ido bai taɓa ganinsa ba. Bakin mutane ya fi wuƙa kaifi. Ko kyamarar taka ba ta gani a ɗaki ne?"

Da mai hankali ne, a nan zai ce hasken bai isa ba, a wuce wurin. Amma Mudi ya hango gyalen Zuwaira a bayan labule.

"Haba Baba! Ai duhu ne abincinta."

Ya kunna. Allon kyamara baƙi ƙirin, sai ƙwayar idon rago ke ɗan ƙyalli. Ya shiga danne-danne da sunan Allah. Ƙit, rago ya koma shuɗi kamar an tsamo shi daga marina. Ƙit, ya koma ja kamar manja. Ya murɗa wani abu, rago ya juya kai sai ga kawuna suna bin juna a allo. Can yatsarsa ta faɗa kan abin da masu sana'ar ke kira gen, wato hasken dole da kyamara ke ƙara wa hoto idan wuri ya yi duhu. Masu sani kaɗan suke taɓawa, don in aka matsa masa hoto zai yi haske amma ya cika da ɗige-ɗige. Mudi ya ga haske ya fara zuwa, ai kuwa ya tura shi har ƙarshe.

"Yauwa! Ga shi nan fes!"

A ɗan ƙaramin allon komai lafiya lau. Baba ya ce shi idonsa ba ya ganin wannan ɗan mitsitsin abu, a kawo talabijin. Aka ɗauko talabijin aka girke a bakin ƙofar ɗakin ragon, Mudi ya ɗora kyamara a kan turmi, ya jona waya, yadda duk abin da take kallo yana fitowa nan take. Inna Kulu, matar Baba, ta matso. Daidai lokacin Tanko wanzami ya yi sallama, aminin Baba ne, ya zo yi masa gyaran fuska. Shi kaɗai aka yarda ya ga ragon, duk da kowa ya san bakin Tanko rediyon unguwa ne.

Hoto ya fito. Rago ne, babu shakka. Sai dai tun daga ƙaho har wutsiya wasu 'yan ƙananan abubuwa ne ke yawo a jikinsa, jajaye da koraye, yuuu, kamar an tono gidan kiyashi.

Baba ya matsa kusa. Ya dubi talabijin, ya dubi rago, ya sake duban talabijin.

"Mudi, mene ne wannan ke tafiya a jikin ragona?"

Mudi bai san ko mene ne ba, wallahi bai sani ba. Ya hura gilashin kyamara ya goge da bakin riga. Suna nan. Ya zare waya ya mayar. Suna nan. Ya ɗan mari talabijin a gefe, tas! Sai ma suka ƙara rawa. Tsoro ya kama shi sosai, don ya ga auren na neman suɓucewa a kan ɗige-ɗige. Sai bakin nan nasa ya buɗe da kansa.

"Baba, ban so in faɗa ba. Ƙwayoyin cuta ne."

"Ƙwayoyin me?"

"Cuta, Baba. Ido ba ya ganinsu. Kyamarar nan irin ta likitoci ce, tana ganin abin da ke ɓoye. Allah ne ya taimake ka na zo yau. Da an ƙara mako guda, sai dai fata."

Inna Kulu ta dafe ƙirji ta yi salati. Baba ya yi zaman daɓas a ƙasa, idonsa ya kawo ruwa, don ragon nan kamar ɗa yake a wurinsa. Mudi ya ɗan ji tausayinsa, amma daɗin ganin an gaskata shi ya fi yawa.

"Allah ya yi maka albarka, ɗan nan," in ji Baba. "Kulu, ɗora tukunya, a dafa ganyen darbejiya, a sa toka da sabulun salo. Tanko, ajiye gyaran fuskar nan, ɗauko almakashi."

Aka danne rago. Ƙyas, ƙyas, ƙyas, farin gashin da aka yi wata da watanni ana tattali ya zube a ƙasa. Rago yana "mbeee" kamar yana kiran dangi. Aka dirje shi da ruwan darbejiya mai ɗumi, ɗaki ya game da wari mai ɗaci. Kafin a jima katoton rago ya koma kamar figaggen zakara.

Aka juya ga talabijin. Ƙwayoyi suna nan, ko ɗaya ba ta yi ƙaura ba.

"Sun ragu ƙwarai," in ji Mudi. "Ku da ba ku saba ba ne ba za ku gane ba. Bari in nuna muku."

A nan ya yi kuskuren da ya ƙarasa shi. Ya bar bayan kyamara, ya shiga gabanta, ya durƙusa kusa da rago yana nuni da yatsa. Su kuwa ɗige-ɗigen nan sun fi taruwa a inda ya fi duhu. Rago fari ne. Mudi kuwa baƙi ne wuluk, ga suma ya tara tuli guda.

Tanko ya yi tsalle baya har almakashi ya faɗi.

"La'ilaha illallahu! Sallau, dubi kan yaron nan! Ai na ragon wasa ne, a nan hedikwatarsu take!"

Mudi ya waiga ya ga kansa a talabijin. Fuska, wuya, suma, ko'ina tafasa yake yi da jajaye da koraye.

Baba ya miƙe a hankali.

"Ashe kai ka kwaso mana su. Da wannan jikin kake zuwa zance wurin 'yata?"

"A'a Baba, daga jikin ragon suka yi tsalle yanzu-yanzu."

"To ko ma daga ina ne, ba ka fita gidan nan da su. In kuwa ba cuta ba ce, faɗa min yanzu in ji."

Mudi ya shiga tsaka mai wuya. In ya ce ƙarya ya yi, ga ragon mutane tsirara. In ya ce gaskiya ce, ga Tanko har ya fara wasa aska a tafin hannu. Ya saci kallon labule, gyalen yana nan.

"Cuta ce, Baba."

"Madalla. Tanko, bismilla."

Aka zaunar da Darakta a inda aka tayar da rago. Ƙarr, ƙarr, aska ta bi suma, ta bi gemu, ta haɗa da ɗan gashin bakinsa. Tanko ya so ya wuce da gira, Mudi ya roƙe shi don girman Allah. Aka tuɓe masa riga, aka kwarara masa ruwan darbejiya tun daga tsakar kai, shaaa! Ya shiga ido, ya shiga hanci. Yana atishawa, rago na gefe yana kallonsa.

Warin ya ishi Inna Kulu, tari ya sarƙe ta.

"Kai Malam, za ku kashe mu da ranmu!"

Ta kai hannu ta fizge buhun da ke taga. Hasken rana ya faɗo ɗakin, wal! Kyamara ta samu abin da take nema tun ɗazu. Hoto ya washe tangaran, babu ɗigo ko ɗaya. Ga figaggen rago, ga Mudi da kai ƙwal yana sheƙi, ganyen darbejiya manne a kunne.

"Alhamdu lillahi!" Mudi ya yi wuf. "Kun gani ko? Magani ya ci!"

Baba ya nufi taga. Ya karɓi buhun daga hannun Inna, ya mayar ya toshe taga. Ƙwayoyi suka dawo, yuuu. Ya zare, suka ɓace. Ya toshe, suka dawo. Ya zare. Ya daɗe yana wannan, fuskarsa ba yabo ba fallasa.

"Ikon Allah," in ji Tanko. "Yau na ga cutar da buhu ke kawowa."

Daga bayan labule aka ji dariya ta ƙwace wa Zuwaira, ta ruga ɗaki tana ƙyaƙyatawa. Tanko kuwa har ya fara tattara kayan askinsa da sauri, ka san labarin ne ke cin sa, so yake ya riga kowa isa majalisa.

Mudi ya durƙusa, ruwa na ɗiga daga haɓarsa.

"Baba, a yi haƙuri. To maganar tamu fa, ta Zuwaira?"

"Ka bar ta nan ƙasa tare da sumarka." Baba ya dubi ragonsa, ya girgiza kai. "Tanko, akwai sauran ruwan darbejiyar?"

"Akwai ɗan saura a bokiti."

"Miƙa masa ya kurkure baki. Tun farko a nan cutar take, muka tsaya wanke kai."