Gidan Hoton Alhaji Tanimu

A bayan tsohuwar kasuwar Gusau akwai wani maƙerin fari da ake kira Sallau. Shi ba ruwansa da fartanya ko lauje, aikinsa azurfa ne da tagulla: zobe, 'yan kunne, mundaye, sarƙoƙin amare. Mutum ne mai sanyin hali, irin wanda in ka taka masa ƙafa shi zai riga ka cewa sannu. Abin da ya fito da sunansa kuwa wani ɗan abin wuya ne da ya ƙirƙiro, wanda mata suka raɗa wa suna gidan hoto. Faɗinsa bai wuce murfin kwalba ba, yana da ɗan murfi mai buɗewa, a ciki a sa hoto a danne shi da gilashi. Wadda ɗanta ya tafi karatu nesa ta sa nasa, wadda mahaifiyarta ta rasu ta sa nata. In kewa ta taso a buɗe a duba, a mayar a rufe, ba wanda ya ji ba wanda ya gani. Sallau yakan ce kyan abin ke nan, ga ƙanƙanta ga rufin asiri.

Ana nan wata rana da hantsi, yana tsaka da zuga wuta, sai ƙamshin turare ya danne warin gawayi. Ya ɗaga kai, ya ga Alhaji Tanimu ya cika ƙofar rumfa da babbar riga.

Duk garin an san shi da Tanimu Kwangila, ko da yake ba mai iya nuna maka ko kwalbati ɗaya da ya gina. Kullum kwangilar tana hanya, kullum an kusa sa hannu. Abin da ba ya hanya shi ne injin matsar man gyaɗa na matarsa, Hajiya Lantana, wanda ke ruri daga safe har yamma. Daga wannan man aka rufa gida, daga shi yara suka yi karatu, kai Alhajin ma daga shi aka samo, don kujerar Makka ita ta biya. Shi nasa aikin shi ne riga mai sitaci, da zama a ƙofar gida yana koya wa mutane dabarun neman arziki.

Bayan an gaisa, Alhaji ya gyara zama a kan benci ya ce, "Sallau, ka dai ji za mu aurar da auta."

"Na ji, ranka ya daɗe. Allah ya sa alheri."

"Amin. To ga abin da ke damuna. Ranar yinin biki dangin ango za su cika gidana, mata zalla. Ni kuwa ba shiga zan yi ba. Za su ci, su sha, su tashi, ba su ga mai gidan ba. Wannan ya yi maka daidai?"

Sallau ya ce ai haka aka saba.

"To ni ban saba ba. So nake ka yi wa Hajiya gidan hoton nan naka, ka sa ni a ciki. Duk wadda ta zo gaida uwar amarya, ta gaida ni ma."

Ya zaro hoto daga aljihu ya miƙa. Sallau ya goge hannu ya karɓa. Ga Alhaji nan tsaye, ya jingina da wata farar mota, hula ta yi tsini, aikin riga ya sauka har cibiya, hannu ɗaya da sanda, ɗayan an ɗan janye hannun riga don agogo ya fito.

Sallau ya ce, "Hoto ya yi kyau. Sai mu kai wa mai hoto ya ƙanƙanta shi, mu yanke daga wuya zuwa goshi, ya shiga daidai."

"A yanke wa?"

"Hoton, ranka ya daɗe."

"Hular fa?"

"Hular ba za ta shiga ba."

Alhaji ya dube shi kamar ya zage shi. "In fito gaban surukai ba hula? Ni ɗan tasha ne? Ka ƙara wa gidan tsawo."

Sallau ya ɗauki gawayi ya zana da'ira a kan allon katako, ya ɗan faɗaɗa ta. Alhaji ya leƙa, ya ce aikin rigar fa, ai don shi aka yi hoton. Aka ƙara. Ya ce agogon yana can ƙasa, kada a bar shi a waje. Aka ƙara. Da aka zo kan mota, Sallau ya yi ƙarfin hali ya ce, "Alhaji, motar ai sai ta haƙura."

"Ko gabanta ne ka bari. Fitila ɗaya da madubi."

Kafin a gama, da'irar da ta fara kamar murfin kwalba ta zama kamar murfin kwanon miya. Sallau ya tsaya yana kallon zanen, zuciyarsa na ce masa wannan ba gidan hoto ba ne, kanti ne. Sai ya koma kan murfi, ya ce tunda ya yi girma haka, sai a yi masa maratayi biyu don ya riƙa buɗuwa ba wahala.

Alhaji ya ce, "Wane murfi kuma?"

"Wanda ake rufe hoton da shi."

"Ka rufe ni? To me ya kawo ni? Ni mai laifi ne da za a rufe? Cire murfi. A maimakonsa ka zagaye ni da zane mai kama da hasken rana. A ƙasa ka rubuta sunana. Sannan ka rataya 'yan ƙararrawa ƙanana, yadda in ta motsa za a waiwayo."

Sallau ya sake duban zanen. Ya ce gaskiya azurfar da ke hannunsa ba za ta kai ko rabin wannan aiki ba. Alhaji ya ce wannan ba matsala ba ce, ya miƙe, ya kakkaɓe riga, ya tafi.

Washegari ya dawo da wani ƙulli a hankici. Da aka kwance, sai ga mundaye na azurfa, irin na da, masu kauri, masu murɗaɗɗen zane. Sallau ya ɗaga ɗaya ya ji nauyinta. Duk maƙerin fari ya san ba abin da ke rufe rumfa da sauri kamar a ce an narka kayan mace ba da saninta ba.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, Hajiya ta san da wannan?"

"Kai, Sallau! In ta sani ina daɗin kyautar? Suna can ƙasan akwati, ko sa su ba ta yi. Kuma ai ba barin gidan za su yi ba. Daga hannu ne za su koma sama kaɗan."

Sallau ya so ya ce a'a. Ya buɗe baki ma, sai Alhaji ya shiga ba shi labarin wata kwangilar lambobin yabo da za a bayar a jiha, wadda in ta fito ba wanda zai ƙera su sai shi Sallau. Bai yarda da labarin ba ko kaɗan, amma kafin labarin ya ƙare kunya ta riga ta ɗaure masa harshe. Haka ya jefa mundayen a tukunya yana istigfari, ya zuga wuta, yana kallo murɗaɗɗen zanen ya narke ya zama ruwa.

Abin haushin shi ne aikin ya yi kyau. Hannun Sallau bai iya ɓata azurfa ba ko da ransa ba ya so. Ya buga, ya goge, ya fitar da hasken ranar tsini-tsini, ya zauna wa gilashin har ya kama daram. Da ya rataya shi a sarƙar da ya saba yi wa mata don ya gwada, sai sarƙar ta ce ɗas, ta tsinke. Dole ya ƙera wata mai kauri. Mai gyaran rediyo da ke maƙwabtaka da shi ya leƙo ya tambaya ko allon ofis ne. Wani mai wucewa ya ce ko agogon bango ake yi. Sallau dai sai ya ce musu aikin mutane ne.

Ana gab da biki Alhaji ya zo karɓa. Ya ɗauki abin ya shige can ƙuryar rumfa inda madubi yake, yana juya shi, yana kaɗa ƙararrawar, yana yi wa kansa murmushi. Sallau ya fara jin sanyi a ransa, yana cewa yau dai zai rabu da wannan jarrabawa. Sai ga keke mai ƙafa uku ya tsaya a bakin rumfa, Hajiya Lantana ta sauko.

Mace ce doguwa, ba ta da yawan magana, kuma ba a taɓa jin ta ɗaga murya ba, shi ya sa ma ake shakkarta. Hasken rana ya hana ta ganin wanda ke ƙurya. Ta yi sallama, ta tsaya daga bakin ƙofa.

"Malam Sallau, ba aiki na kawo ba, cigiya na zo. Na buɗe akwati zan ciro mundayena in sa ranar yini, na tarar babu. Na zaga maƙeran garin nan, kowa ya ce bai gani ba. Kai ne na ƙarshe. Daga nan sai wajen 'yan sanda."



Ta ci gaba, "Masu kauri ne, da murɗaɗɗen zane. Ba tsadarsu ce ta dame ni ba. Da ribar mai ta farko na saye su, tun ina matsa da hannu, tun ba inji. Na yi niyyar in na sa su ranar, in cire in ba yarinyar nan ta tafi da su ɗakinta."

Sallau ya dubi ƙasa, ya dubi sama, ya dubi masaba kamar za ta yi masa magana. Ya tuna sunan da ya daɗe yana tattalawa, ya hango kansa a bayan kantar 'yan sanda ana tambayarsa tun yaushe ya fara sayen kayan sata. A ƙarshe ya juya a hankali ya dubi ƙurya.

Da wani ne, da kunya ta kama shi. Alhaji Tanimu kuwa sai ya fito da fara'a, ƙararrawa na ƙara a gabansa, ya ɗaga abin sama da hannu biyu kamar mai miƙa kofin gasa.

"Hajiya, kin ɓata mini shiri! To tunda kin zo, ga mundayenki. Na ɗaga darajarsu."

Hajiya ta dubi abin. Ta dubi mijinta. Ta sake duban abin. Ta karɓa, ta kai shi bakin ƙofa inda haske yake, ta ƙura wa hoton ido.

"Wannan motar wa ce?"

"Ta wani abokin harka ce."

"Agogon fa? Ba na yayana ba ne da ya manta a gidanmu?"

"To ai duk gida ne."

Sallau ya kasa daurewa. Ya durƙusa ya ce, "Hajiya, don girman Allah ki yafe mini. Na tambaya, aka ce mini kyauta ce. Da na san haka ne da ban kusantar da su wuta ba. In kin yarda, bayan biki in narka shi in mayar miki da mundaye, zanen yana kaina."

Ta ce, "Tashi, Malam Sallau. Kai aiki aka kawo maka, kuma ka yi shi da kyau. Maganar 'yan sanda ta wuce, tunda wanda zan kai ƙara ni ce zan je in yi belinsa."

Alhaji ya yi dariya kamar yabonsa aka yi. Ya ce ba wani narkawa da za a yi, abu ya riga ya zama tarihi. Ya matsa mata sai ta gwada. Ta ɗaga mayafi, ta zura sarƙar. Tana sakin hannu abin ya faɗo mata a ƙirji, ƙararrawa suka kaure, kanta ya ɗan sunkuya don nauyi. Mai gyaran rediyo da wasu mutum biyu suka taru a bakin rumfa suna leƙe.

Sallau ya ce, "Ya yi nauyi, Hajiya. Bari ko ƙararrawar in cire, in kankare bayan, ya ɗan yi sauƙi. Yini guda za ki yi da shi, kada ya ji miki ciwo."

Alhaji ya daka masa tsawa. "Ba abin da za a cire! Kai ka san matata? Hajiya, gaya masa da bakinki a gaban mutane. Za ki iya ɗaukata ko ba za ki iya ba?"

Hajiya ta miƙe wuya, ta gyara hoton ya zauna daidai, ta ja mayafinta.

"Haba, Alhaji. Ai tun ranar da aka shafa fatiha kake wuyana. Yau ne dai aka sa maka sarƙa."