Allurata da Kunnen Baba Ummaru

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da muka karɓi tsofaffin 'yan ƙwallon Ƙonni a Illela ba, ko da tsufa ya kai ni ga manta sunayen jikokina. Har yau in na bi ta gefen filin nan a kan babur, sai in ji hannuna ya ƙara wuta da kansa.

Muna da ƙungiyar ƙwallo ta waɗanda suka haura arba'in: 'yan kasuwa, malaman makaranta, direbobi, da wani tela da tumbinsa ke riga shi isa ko'ina. Duk shekara bayan babbar salla muna karawa da takwarorinmu na Ƙonni da ke ƙetaren iyaka, bana a wurinsu, baɗi a wurinmu. Kofin da ake ci na gwangwani ne, har ya lotsa a gefe guda. Amma garin da aka ci, mutanensa za su shekara suna shan tsiya duk ranar Lahadi a kasuwa, don kusan dukkanmu abokan ciniki ne.

Ni ɗan gaba ne tun ina saurayi. To sai ga shi na soma lalacewa. Gajiya ba dalili, barci tsakar rana a kan buhunan albasa, rai a ɓace kullum, atisayen ma na daina zuwa. Na sha maganin shawara, na sha na taifot, duk a banza. Daga ƙarshe na je asibiti a Sakkwato aka ɗebi jinina. Likita ya ce wani sinadari da jikin namiji ke yi da kansa, wai shi testosteron, shi ne ya yi ƙasa ƙwarai. Ya rubuta mini allura lokaci-lokaci, da sharaɗin in riƙa komawa ana duba jinin. Ya kuma ja mini kunne kada in kuskura in bi sahun samari masu ɗaga ƙarfe da ke sayen irinta a ɓoye suna ɗirka wa kansu don kumbura ƙwanji. Tawa cike gurbi ce kawai. Daga ni sai uwar yarana muka san zancen. (Kun dai san mutanenmu. Da ka ce "sinadarin maza", tunaninsu ba filin ƙwallo yake nufa ba.)

Jama'a, sai na dawo duniya. Cikin 'yan watanni na koma atisaye, ina gudu, ina yanka, ina zura ƙwallaye kamar ana bina bashin su. Bayan sallar asuba sai in ji ƙafata na ƙaiƙayi. Na sayi sabon takalmi ja, na aske gashin baki, na dinga tsayawa gaban madubi ina gwada yadda zan yi murna in na ci Ƙonni. Kyaftin ɗinmu Bello, wanda shagonsa ke jikin nawa, ya dube ni wata rana ya ce, "Kai, mi kaka ci kwanan ga?"

Na ce, "Addu'ar iyaye."

Ya ce, "To a ci gaba da yi, bana kofin ga ba ya ƙetare iyaka."

Don ya ƙara mini ƙaimi, Bello ya gayyato surukina daga Araba ya zama babban baƙo mai miƙa kofi. Dattijo ne mai kwarjini, tun da na auri 'yarsa ban taɓa haɗa ido da shi ba. Da na ji labari, daɗi ya hana ni cin abinci. Na ce a raina, ranar nan surukina zai ga wanda ya ba 'yarsa.

Ranar wasa fili ya cika maƙil. Mutanen Ƙonni sun zo mota-mota da tutocinsu, namu sun taho tun daga Tozai da Gidan Katta, makaɗa na ta saki, masu rake da masu ƙanƙara sun kewaye fili. An kafa rumfa a gefe, ga surukina a kujerar tsakiya cikin farar babbar riga. Muka shigo a jere, ina ɗan tsalle-tsalle don kowa ya lura da jan takalmi.

Abin da ban sani ba shi ne, da safiyar nan Bello da Isuhu, kyaftin ɗin Ƙonni, sun yi wata yarjejeniya ta waya. A wasan bara an sami wani ɗan baya da aka ce ya yi allurar masu ɗaga ƙarfe, ya bangaje mutum har haƙarƙari ya tsage, aka kusa ɓata zumunci. Tun da ba mu da na'urar gwada fitsari, sai suka ce kafin a take wasa kowa ya faɗi tsakaninsa da Allah cewa bai sha ƙwaya ba, bai yi allurar ƙarin ƙarfi ba.

Wanda zai karɓi maganar shi ne alƙalin wasa, Baba Ummaru, tsohon malamin motsa jiki da ya koyar da rabinmu a firamare. Garuruwan biyu sun yarda da shi don ba a iya juya shi da surutu. Dalili kuwa, kunnensa ya yi nauyi tun tuni. Kuma kamar yawancin masu irin wannan lalura, in yana magana sai ka ce da mutumin ƙetaren gulbi yake yi.

Ya soma bin layi ɗaya bayan ɗaya. Kowa na cewa, "Tsakanina da Allah ban yi ba." Ni kuwa na shiga lissafi. Tawa magani ce, likita ya rubuta, amma allura ce, kuma ba zan ce ba ta ƙara mini ƙarfi ba. In sa sunan Allah a kan ƙarya saboda kofin gwangwani? Ba zan iya ba. Sai dabara ta zo mini: in ja dattijon gefe in raɗa masa, shi ke nan, ba wanda zai ji.

Da ya iso kaina na matsa kusa da kunnensa na ce, "Baba, ina da 'yar magana, amma ta sirri ce."

"Mi?"

"Likita na yi mini allura."

"Fura? Fura ba laifi ba ta, kowa ya sha."

Na ƙara murya kaɗan. "Allura, Baba."

"Allurar mi?"

"Testosteron."

Ya ja baya ya dube ni kamar na zage shi da Faransanci. "Yi Hausa, ɗana."

A lokacin makaɗa sun tsaya, 'yan wasa duk sun juyo. Na tattara sauran mutuncina na ce cikin kunnensa, "Sinadarin maza ne ya yi ƙasa a jikina, shi ake ƙara mini."

Wannan karon ya ji. Fuskarsa ta cika da tausayi, ya ɗora hannu a kafaɗata, ya sunkuyo kamar mai riƙe amana. Sannan cikin muryar da shi a ganinsa raɗa ce, wadda kuma ta kai har wurin masu rake, ya ce, "Allah sarki. Ƙarfin mazan naka ne yat tahi? Tun yaushe? Kai, uwar ɗiyanka ta yi haƙuri."

Sai dariya ta fashe daga ɓangaren Ƙonni ta zagayo har namu. Na ga direban da ke tsaron ragarmu ya durƙusa yana dukan ƙasa. Ban san abin da ya kai idona rumfa ba. Surukina ya ɗaga kai sama yana duban gajimare da natsuwa, kamar an aike shi neman jinjirin wata da la'asar.

Na ce, "Ba haka ba ne, Baba, gajiya ce da barci." Wa ke saurarena? Shi kansa Baba Ummaru cewa ya yi, "Kada ka ji kunya, jarrabawa ta."

Daga nan aka shiga shari'a a tsakiyar fili. Isuhu, in faɗi gaskiya, bai yi dariya sosai ba. Ya ce, "Ni ban da magana bisa ciwonai, Allah shi ba shi lahiya. Tambayata guda: pikir ɗin ga, wato allurar, tana ƙara gudu ko ba ta ƙarawa? Mun ji labarin balo, ƙwallayen da yaka ci wurin atisaye."

Bello ya ce, "Magani na, likita yab ba shi. Golanku tabarau garai, a cire mai. Ɗan bayanku allurar ciwon suga yaka yi, a hid da shi."

Isuhu ya ce, "Tabarau ba ya sa mutum tsere ma tsaransa. Mu ma mun tsufa, mu ma muna gajiya, ba wanda yar rubuta muna komi."

Ni ina tsaye a tsakiya kamar ragon da ake tayawa. Wani ma har ya matsa mini damtse ya ce wa na kusa da shi, "Ai ko da tauri." Kuma duk da kunyar da ke cina, maganar Isuhu ta shige ni. Ba don allurar ba, da ina can kan buhunan albasa ina minshari. Da ita kuwa ina wuce mutanen da muka yi makaranta tare. Ta mayar da ni yadda ya kamata in kasance ne, ko ta mayar da ni baya da shekaru? Har yau ban da cikakkiyar amsa.

Aka yanke cewa in buga zagayen farko kawai. (Sai da aka yi wa Baba Ummaru bayanin hukuncin da ihu, wato duk wanda bai ji labarin da farko ba ya samu maimaici kyauta.)

Aka hura usur. Duk inda na taɓa ƙwallo sai fili ya ɗauka, "Mai allura, mai allura." Ƙonni suka sa mini 'yan baya biyu, suna bina kamar na sato musu akuya. Ni kuma zuciyata ta yi zafi, na ƙudura cewa ƙwallo ɗaya tak za ta wanke ni. Can Bello ya tsere ta gefe, ya yanke mutum, ya turo mini ita a ƙasa. Gola ya riga ya faɗi. Raga a buɗe, daga ni sai ita. Na ji jama'a sun miƙe, na ji kiɗa ya tashi, na tara duk ƙarfin da likita ya zuba mini, na ɗaga ƙafa na sheƙa.

Abu ja ya tashi ya shige raga, har wasu suka soma murna. Takalmina ne. Cikin ruɗanin shari'ar nan na manta ban ɗaure igiyarsa ba. Ƙwallo kuwa tana nan inda Bello ya ajiye mini ita, ko motsi ba ta yi ba, ni kuma ina kwance rigingine da safa mai huji a babban yatsa.

Isuhu ne ya zo ya miƙo mini hannu ya tashe ni, hawaye na zuba a idonsa don dariya. Ya kakkaɓe mini baya ya ce, "Ɗan'uwa, na janye ƙarata. Buga wasan duka, don Allah."

Ban buga ba. Da aka tafi hutu na nemi ƙarshen benci na lulluɓe kaina da tawul. Mun ci wasan ɗaya da nema, kuma telan nan ne ya ci, ƙwallo ta bugi tumbinsa ta shiga. Wajen karɓar kofi dole kowa ya bi layi ya gaisa da babban baƙo. Da na iso na durƙusa, surukina ya miƙo hannu yana kallon wani wuri can bayan kaina, ya ce a hankali, "Allah shi ƙara lahiya." Da ƙasa ta tsage a lokacin, da na gode mata.

Na isa gida na tarar labari ya riga ni. Uwar yarana na zaune a tsakar gida da kwalbar zuma da ƙullin dabino a gabanta, tana ta danne dariya. Ta ce, "Innarmu ta aiko. Ta ce ba nawa ba ne, kuma kada a ba yara."

Bayan wannan, ƙungiyoyin biyu suka gyara doka: duk mai shan maganin likita ya sanar da kyaftin-kyaftin tun kafin ranar wasa, su uku a ɗaki, su yanke abin da ya dace. Sunan Mai Allura kuwa ya zauna mini daram, har 'yan dako a kasuwa da shi suke kirana. Wasu daga cikin waɗanda suka fi kowa dariya sun zo shagona daga baya, su yi ta taya albasar da ba za su saya ba, sai an watse su rage murya su ce, "Wai likitan nan, a wane asibiti yake?" Nakan ce su je a auna jininsu tukuna, kada su doshi kemis.

Ban yi nadamar ƙin rantsuwa a kan ƙarya ba, ko yau aka sake haka zan yi. Wautata ita ce da na ɓoye wa Bello, mutumin da muke shan shayi tare kullum, na je na kwance wa Illela da Ƙonni gaba ɗaya. Yanzu in zan faɗa wa dattijo sirri, sai na fara tambayarsa ƙarfe nawa. In ya ce mini "Lahiya lau," sai in yi masa fatan alheri in kama gabana.