Mai Sarewa a Cikin Kwamfuta

Ko me zan manta a rayuwar aikina, ba zan taɓa mantawa da ranar da na yi tsalle na fizge wayar kwamfuta a gaban surukina ba. Amma ni mutum ne mai son komai ya bi layinsa, don haka bari in fara daga farko.

Ba a daɗe da ba mu jihar Katsina ba, ina aiki a wani kamfanin sayen auduga da sayar da taki a Funtuwa. Karatuna bai yi nisa ba, firamare ce sai ɗan kwas na akawu, amma kowa ya san ni da tsari. Shi ya sa da kamfani ya sayo kwamfuta, Manaja ya ɗauko ni daga sito ya damƙa mini makullin ɗakinta. Ba ni ke aiki da ita ba. Mai aiki da ita Bosede ce, 'yar wani mai shagon atamfa, haihuwar Funtuwa, wadda aka tura Kaduna ta koyo. Ni nawa in buɗe ɗaki, in kunna na'urar sanyi, in yaye ƙyallen da ke rufe da kwamfutar, in tayar da ita, in kuma hana kowa shiga da takalmi. (Har Manaja sai ya tuɓe. Wannan iko ya yi mini daɗi fiye da yadda ya kamata.)

Kwamfutar wancan zamani ba ta tashi da kanta. Akwai wani baƙin faifai mai laushi, ya ɗan fi tafin hannu, wanda tsarin da ke tafiyar da ita yake ciki. Sai an zura shi ta karanta, sannan ta san ko ita wace ce. A gefensa akwai ɗan tsagi, idan aka liƙe shi da 'yar takardar manne ba mai iya ƙara ko rage komai a ciki. Ni na liƙe shi da hannuna, na kuma dogara da shi kamar yadda na dogara da kwaɗon gidana.

Ina da ra'ayi biyu a lokacin, kuma ba wanda ya tsira daga jin su. Na farko shi ne tsarin nan ba ya kuskure. Kullum da rana a gindin dalbejiyar ofis sai mun yi gardama. Bosede ta ce tsarin rigimamme ne, yana tsayawa cak ba dalili, wanda suka koya da shi a Kaduna ya fi shi hankali. Mamman direba ya ce, "Malam, inji inji ne. Motata ma akwai ranar da take tashi da fushi." Ni kuwa in ce musu mutum ne ke kuskure, ita abin da aka gaya mata kawai take yi. Har na taɓa ce wa Manaja a gaban jama'a, "Ranka ya daɗe, ranar da ta yi abin da ba a sa ta ba, ka karɓe makullinka." Ashe ya riƙe maganar.

Ra'ayi na biyu ya shafi silima da gidajen bidiyo da suka fara yawa a gari. Ni a wurina zaman banza ne. Nakan ce ƙafata ba ta taɓa taka ƙofarsu ba, kuma gaskiya ce a lokacin. Surukina, wani dattijon manomi daga Mahuta, da wannan yake yabona a cikin mutane. Bosede kuwa ba fim ɗin Indiya da ke wuce ta, kuma tana aiki tana rera waƙoƙinsu a ƙasan maƙoshi. Na hana ta. Na ce, "Ke Bosede, nan ɗakin aiki ne, kada in ƙara jin bakinki." Ta ce, "To, Malam, ba za ka ƙara jin bakina ba." Da na san ladabin nan yana da ƙaya, da na bar ta ta yi ta waƙarta.

Wata Asabar cikin damina na ɗauki izini na tafi Malumfashi ta'aziyya, na bar makullin a hannun Manaja. Na fito zan koma tasha sai hadari ya haɗo, ruwa ya goce kamar da bakin ƙwarya. Na faɗa ƙofar da ta fi kusa. Ashe gidan bidiyo ne. Ɗaki ne mai duhu da rana tsaka, an rufe tagogi da barguna, mutane jere a kan benci. Na ce a raina ruwa ne ya kawo ni, da ya ɗauke zan fita. (Ruwan ya ɗauke. Ni ne ban ɗauke ba.)

Fim ɗin na Indiya ne, labarin wani makiyayi mai busa sarewa, wanda ya nutse a kogi mutanen gari suna kallo ba wanda ya cece shi. Daga nan sai busarsa ta dinga bin su ɗaya bayan ɗaya. Siririyar murya ce, tana hawa a hankali, ta tsaya kamar mai jiran amsa, sannan ta fara saukowa, sai a yanke hoton kafin ta ƙare. Duk wanda ya saurare ta har ƙarshe, washegari sai gawarsa, kayan jikinsa sharkaf da ruwa ko da a kan gado ya kwana. Ban ji yarensu ba, amma wani na kusa da ni yana ta fassara mini ba tare da na roƙe shi ba. Da aka zo wurin da busar ta fara fitowa daga cikin tulun wata tsohuwa, sai na kasa zama. Na sulale na fita ban ga ƙarshe ba. Na ja hula na shiga motar Funtuwa, ina gode wa Allah ba wanda ya san ni.

Ran Litinin na karɓi makullina. Bosede ta tafi hutu don bikin 'yar uwarta, ni kaɗai ne a ɗakin. Gari ya yi duhu da hadari, ɗakin ya yi sanyi, ba abin da ke motsi sai labule. Na bi tsarina kamar kullum: na tuɓe takalmi, na yaye ƙyalle, na zura faifai, na danna makunni. Ta yi ɗan gurnaninta, koren rubutu ya bayyana a gilashi. Sai ta yi shiru.

Sannan ta fara busa.

Wallahi ita ce. Siririya, tana hawa a hankali, ta tsaya daidai inda ta tsaya a Malumfashi. Na'urar da ban taɓa jin ta ce komai ba sai "ƙit" idan an yi kuskure. Ban san lokacin da na kashe ta ba, ni da na kafa dokar cewa ba a kashe ta da faifai a ciki.

Da numfashina ya dawo, na zauna na yi lissafi a tsanake, kuma nan ne wautar take. Na zare faifan na duba, takardar manne tana nan. Ke nan ba ɗan Adam ya taɓa shi ba. Tsarin kuma ba ya kuskure, ni na faɗa. To idan ba mutum ba ne, ba kuma inji ba ne, saura wa? Amincin da na ba faifan nan shi ya kai ni ga aljanu kai tsaye. Na yanke hukunci cewa mai sarewa ya biyo ni a mota.

Wannan mako ban ji daɗinsa ba. Kowace safiya in rufe ƙofa in gwada, ta fara busa, in kashe kafin ta sauko. Na ce wa Manaja wuta ce ba ta da ƙarfi, gara a jira. Na yi tofi a faifan. Na turara ɗakin da na hana ko ashana shiga. Na karɓo laya wurin wani malami, na ce masa ta ciwon kai ce, na cusa ta ƙarƙashin na'urar. A hanyar gida idan na ji Bafillace na busa a bayan gonakin masara, sai in sauka daga keke in toshe kunne. Na daina kwana kusa da randa. Matata ta tambaye ni me ya sa nake shafa rigata da asuba kamar mai neman wani abu, na ce zufa nake dubawa.

Ranar da Bosede ta dawo, ita ce ranar da Manaja ya gayyato manyan manoman da muke hulɗa da su daga Bakori da Dayi da Mahuta su ga sabuwar na'ura. Ya tayar da janareto don kada in ce wuta. Suka jera takalmansu a ƙofa suka shigo da manyan riguna. Na ɗaga kai, sai ga surukina a cikinsu. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa yana kallon bango, kamar yadda muka saba.

Manaja ya ce, "Ga malaminta nan. Ya ce ba ta taɓa yin abin da ba a sa ta ba. Malam, tayar mana da ita."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ko a bari sai bayan azahar?"

"Mutane sun baro gonakinsu. Bismillah."

Na zura faifan. Gurnani, koren rubutu, shiru. Sai busar ta taso. Wani ya ce, "Ikon Allah, har kiɗa take yi?" Ta hau, ta tsaya. Duk makon nan ban taɓa barin ta wuce wurin ba. Na dubi dattawan nan, na dubi uban matata, na ga gobe za a kwashi gawawwaki jiƙaƙƙu daga Bakori har Mahuta, kuma ni na jawo. Ta fara saukowa.

Na yi kururuwa, "Ku toshe kunnuwanku! Kada ku ji ƙarshen!" Na yi tsalle ta kan tebur na fizge wayar daga bango. Hulata ta yi gabas, layar ta faɗo ta gangara har gaban Manaja.

Ya ce, "Malam, lafiyarka?"

Kuma maimakon in yi shiru, sai halina na jera magana ya motsa. Ina zaune a ƙasa da waya a hannu na ba su labari daki-daki. Na ce makiyayi ne, ya nutse a kogi, duk wanda ya ji busarsa har ƙarshe ba ya kwana. Na ce tun daga gidan bidiyon Malumfashi ya biyo ni, wanda ke bayan tasha. Har tulun tsohuwa sai da na kawo.

Mamman direba, da ke leƙe ta ƙofa, ya ce, "Gidan bidiyo? Wa ya shiga? Malam namu?"

Sai na ji wani sauti a bayana. Bosede ce ta dafe ciki, hawaye na zuba don dariya. Da ƙyar ta ce, "Oga, ni ce. Ran Asabar na sa. Fim ɗin ai satinsa biyu ana nuna shi a silimar gari. Malam ya ce kada ya ƙara jin bakina, shi ne na koya mata ta dinga yi mini."

Na ce, "Ƙarya ne! Takardar manne tana nan!"

Ta ɗaga ɗan yatsanta ta nuna mini farce. "Ɓarewa na yi, Malam, na gama na mayar."

Ba wanda ya yi dariya da farko, kuma wannan ya fi ciwo. Manaja ya sunkuya ya ɗauki layar, ya miƙo mini da hannun dama, ya buɗe na hagu. Na gane. Na ciro makullin daga aljihu na sa masa. Ya juya ya ba Bosede, ya ce ta cire kiɗan kafin a tashi.

Ni duk wannan bai dame ni kamar surukina ba. Na kasa ɗaga ido. Yana tsaye yana gyara rawaninsa, sai ya yi gyaran murya, ya fuskanci Manaja, don ba zai yi mini magana kai tsaye a cikin mutane ba. Ya ce, "Alhaji, a gaya wa yaron nan ya kwantar da hankalinsa. Ai a ƙarshe an tsamo ƙasusuwan makiyayin an binne, busar ta daina." Kowa ya juyo yana kallonsa. Ya ƙara da cewa, "Yara ne suka ba ni labari." Ya fita ya sa takalminsa.

Nan ne dariyar ta fashe, har dattawan Bakori suna riƙe juna.

Na koma sito wurin buhunan taki, inda na ƙarasa aikina. Har na yi ritaya, idan na ratsa gindin dalbejiya sai Mamman ya tsuke baki ya yi mini fito, siriri, ya hau ya tsaya. Ni da surukina kuwa ba mu taɓa tayar da maganar ba har Allah ya yi masa rasuwa, sai dai ya daina yabona da zancen silima.

Yanzu idan na ji jikokina suna gardama a kan wane tsari ne ba ya tsayawa, wane ne ba a iya shiga, sai in tambaye su ko mai amfani da shi yana da farce. Kuma idan ruwa ya kora ni wurin kallo, ina zama har a rubuta ƙarshe. Amma in faɗi gaskiya, har yau ban taɓa jin yadda busar nan take ƙarewa ba, kuma ban nemi a jiyar da ni ba.