Anini Uku a Kwalar Kaka

"Lafiya ƙalau muka kwana, har zuwa lokacin da ka sako ƙafa," in ji Uwar Sitaci, ba ta ko ɗago kai daga teburin guga ba. "Daga yanzu kam sai abin da Allah ya yi."

"Haka baiwa take gaida ubangidanta?"

"Ubangidan da ya zo a ƙasa yana haki kamar an koro shi? Matsa daga jikin zannuwan gadon nan, na masu wanka ne."

Mai sallamar Farfesa ne, ɗan kawunta. Ba farfesan komai ba ne, akawun gidan waya ne da ya yi ritaya, kuma ita ta liƙa masa sunan tun ranar da ya sayi tabarau ba tare da wani likita ya ce idonsa na da matsala ba. Ubansa da uwarta ciki ɗaya suka fito, don haka tun suna rarrafe suke cin mutuncin juna, ba mai fushi. Shekara biyu ke nan da ya ɗaura ɗamarar tono asalin dangi. Ya hana tsofaffi barcin rana da tambayoyi, ya cika wayoyin 'yan uwa da saƙonni, har ya haɗa littafi. Uwar Sitaci ta san wannan jakar da ya rungumo a ƙirji kamar jariri, ta kuma san ba gaisuwa ta kawo shi shagonta na wanki da guga ba.

"Taimako na zo nema," in ji shi, ya ja kujerar roba ya zauna ba a ce ya zauna ba. "Ko da yake kunya ce ɗan namiji ya nemi abu a hannun 'yar mace. Ku reshe ne da ya leƙa gidan maƙwabta."

"To ka koma wurin saiwa mana. Me ya kawo gindin bishiya wurin reshe?"

"Hoton Kaka. Na asalin, wanda ke cikin akwatin ƙarfen Gwaggo mahaifiyarki, Allah ya jiƙanta. Mai madaba'a ya ce nawa ya dushe, ba zai yi bango ba. Ƙarfe biyu zai kunna inji. Kwafi ɗari biyu, ranar Asabar a raba a taron dangi."

"Kwafi ɗari biyu! Dangin namu da masu karatu a cikinsu ba su cika motar haya ɗaya ba? Sauran a yi fifita da su?"

"Jahilci dai ba kyau. Ke da aka kora daga aji uku."

"Ba kora ta aka yi ba, malamin ne ya gaji. Nuna mini abin da za a ɓata wa takarda rai da shi."

Farfesa ya zuge jaka, ya fito da gwajin bangon littafin, ya riƙe shi sama da hannu biyu. Hoton kakansu ne daga ƙugu zuwa sama, ya yi hazo saboda yawan kwafa. Yana tsaye ƙiƙam cikin wata doguwar kwat mai maɓallan ƙarfe, ya ɗaure fuska. A ƙasa an rubuta da manyan baƙaƙe: KAKANMU, KYAFTIN MAI ANINI UKU.

Uwar Sitaci ta jingine dutsen guga a tsaye. Ta karanta a hankali, baƙi bayan baƙi, tana motsa leɓe. Dariya ta taso mata tun daga cibiya, ta danne ta da ƙyar, don irin wannan nama ba a cinye shi a loma ɗaya.

"Kyaftin," ta ce. "Na soja ko na ƙwallo?"

"Na soja, baiwar Allah! Dubi kwalarsa. Ɗaya, biyu, uku. Anini uku ke nan. Na sa hoton nan a zauren masu binciken asali a waya, mutum arba'in da bakwai suka yi mini jinjina. Wani ma daga ƙetare ya ce tsayuwar kaɗai ta isa shaida."

"Mutum arba'in da bakwai marasa aikin yi. Ka je gidan adana takardun tarihi?"

"Sau shida."

"Ka ga sunansa a cikin sojoji?"

Farfesa ya gyara tabarau. "Babu. Wannan ne ma ya tabbatar mini. Aikin sirri ya yi. Irinsu ba a rubuta su."

"Allah mai iko! Wato da an samu sunansa, kyaftin ne. Da ba a samu ba, ya zama babban kyaftin. Kai da za ka nemi sunansa a cikin matuƙan jirgin sama ka rasa, da yanzu mun gaji jirgi. To hannuwansa fa? Ina suka shiga? Hannun kwat ɗin ya haɗiye su har farce."

"Manyan mutane ba sa nuna hannu a hoto."

"Kafaɗar kuma da ta zubo masa har damtse?"

"Ramar fagen fama ce."

"Ka nuna wa Gwaggo Auta?"

Gwaggo Auta ita kaɗai ta rage a cikin 'ya'yan Kaka tara. Ta haura tamanin, haƙori biyu ne a bakinta, amma harshenta bai rasa ko ɗaya daga cikin kaifinsa ba.

"Na nuna mata. Daɗi ya kama ta har ta shaƙe, sai da aka ba ta ruwa. Ta ce, 'Buga, ɗana, buga, ni ma a ajiye mini kujerar gaba ranar Asabar.'"

Nan dariyar ta ƙwace wa Uwar Sitaci. Ta dafa teburi, ta yi ta yi har hawaye ya zubo, wani mai wucewa ya leƙo ya ga ko mutuwa aka yi.

"Wayyo cikina! Tsohuwar nan ta wasa wuƙa, ta shimfiɗa tabarma, kai kuma kana ta kiwata kanka kana kai mata. A gaban surukanka da jikokinka za ta feɗe ka, Farfesa. Ni da na so in bar ka, in sayi sabon mayafi in je kallo."

"Hassada ce ke cin ki. Jinin kyaftin ta wajen uba yake bi, ke ko ƙamshinsa ba ki samu ba."

"Zauna nan. Kada ka taɓa komai, na ƙirga hangogina."

Ta shige ɗakin baya, inda buhunan garin sabulu suke, ta jawo akwatin ƙarfen uwarta daga ƙarƙashin kanta. Uwarta ce ta yi jinyar Kaka har ya cika, ita ta gaji akwatin da sana'ar, ita kuma ta bar wa 'yarta. Uwar Sitaci ta ɗauko hoton a cikin tsohuwar ambulan, ta haɗo da wani dutsen guga na gawayi, baƙi ƙirin, mai zakaran ƙarfe a murfinsa. Ta dire dutsen a gaban Farfesa har teburi ya girgiza.

"Ga bindigar kyaftin."

"Wane irin wulaƙanci ne wannan?"

"Ga kuma shi kansa. Goge tabaran naka na ado ka duba."

Hoton asalin ya fi nasa tsawo, don wanda ya fara kwafa ya yanke rabin ƙasa. Fes yake kamar jiya aka wanke shi. Daga ƙugu zuwa sama, kyaftin. Daga ƙugu zuwa ƙasa, wando ne naɗe har gwiwa, da ƙafafu biyu ba takalmi, farare fat da cin ruwan sabulu.

Farfesa ya daɗe yana kallo. "Wataƙila... ƙetare kogi suka yi da dakarunsa."

"Kogin kumfa. Dubi aninan naka da kyau."

Ya kai hoton dab da hanci. Abubuwa ukun da ke kan kwalar ba ƙarfe ba ne. Ƙulli uku ne na zare, a jere, har da ɗan jelar zaren yana reto.

Uwar Sitaci ta miƙa hannu ta zaro wata riga daga kan hanga, ta juya kwalarta. Ƙulli biyu na jan zare. Ta zaro wata. Ƙulli huɗu na baƙi.

"Kowane mai kawo wanki da alamarsa. Launin zare da yawan ƙulli. Haka Kaka ya koya wa uwata, haka ta koya mini, shi ya sa ba mu taɓa ba wani wandon wani ba. Bai iya rubutu ba, da allura yake rubuta sunan mutane. Ƙulli uku na wani babban jami'i ne da yake yi wa wanki. Ran nan ya goge kwat ɗin zai kai masa, ya biyo ta gaban mai hoto, zuciya ta ce masa, kai ma fa mutum ne. Ya zura, aka ɗauka, ya tuɓe. Garin sauri kwalar ta juye, alamar ta fito waje. Wannan ɗaure fuskar da kake cewa ta jarumta, tsoro ne kada mai kaya ya ɓullo ta kwana."

"Wa ya gaya miki?"

"Shi da bakinsa, ina tsugune ina hura masa gawayi a dutsen nan. Lokacin kai kana makaranta ana koya maka yadda ake zama wawa da takarda. Shekara biyu kana tambayar mutanen ƙetare, ni ina nan tsallaken titi, ko sau ɗaya ba ka ce, baiwata, me kika sani ba."

"Wa zai nemi tarihi a wurin mai wankin kamfai?"

"Ga shi kuwa ka zo. Kamfan ne ya biya kuɗin makarantar ubanka."

Farfesa ya ajiye hoton a kan teburi. Ya dubi agogon bango, sha biyu saura. Uwar Sitaci ta ga gumi ya tsattsafo masa a goshi, ta ga yadda yake shafa gefen hoton da babban yatsa, sai ta ji wani ɗan tausayi ya taɓa ta. Ta yi maza ta kore shi kafin ya zauna.

"Babi huɗu na rubuta a kan yaƙe-yaƙensa," ya ce a hankali.

"Ka mai da su yaƙi da tabon manja. Wannan kam ya yi shi, ya kuma ci nasara."

"Duk da haka," ya ɗaga murya, yana neman inda zai dafa, "wa ya ce ma shi ne a hoton? Wataƙila wani mai wankin ne. Ni ban ga kamata da mutumin nan ba. Dubi fuskata, dubi tasa." Ya juya gwajin bangon, ya nuna mata bayan littafin, inda aka sa hoton marubuci mai launi. Ga Farfesa ya dafe haɓa da alƙalami, cikin wata kwat ruwan toka mai tsada.

Uwar Sitaci ta karɓa. Ba fuskar ta duba ba, ido ya saba da inda yake zuwa. A gefen kwalar, inda ta ɗan karkace, ga ƙulli biyu na koren zare.

Ta ajiye takardar a hankali. "Farfesa. Yaushe ka yi kwat?"

"Na... na daɗe da ita."

"Kore, ƙulli biyu. Likitan haƙori na bayan kasuwa. Ni na ɗinka wannan da hannuna. Watan jiya ka zo nan ka ce in je in yi salla za ka tsare mini shago. Na dawo na tarar da kwat ɗin nan a yamutse tana warin turarenka mai kama da maganin sauro. Sai da na sake wanke ta, na ba mutumin haƙuri, kwana uku ina zargin aljanu!"

"Minti goma ne kawai! Mai hoton yana nan kusa..."

"Minti goma! Haka shi ma Kaka ya ce!" Ta buga cinya, ta ɗora hotunan biyu gefe da gefe a kan teburin guga. "Kai, ka ga ikon Allah! Hannun riga ya haɗiye yatsu, a nan da can. Kafaɗa ta zubo, a nan da can. Ido a waje ana tsoron mai kaya, a nan da can. Ka sha wahalar banza, ɗan kawu. Wane gidan tarihi? Wane gwajin jini? Ga shaida ta gama magana. Duk dangin nan ba wanda ya gaji Kaka tsaf irinka. Bambancinku ɗaya, shi da ya tuɓe sai da ya sake goge ta."

Farfesa ya dubi na dama, ya dubi na hagu. Ya cire tabarau, ya kifa kai a kan tulin zannuwan da aka hana shi taɓawa, ya yi ta dariya har kujerar roba tana ƙara.

"Na bi," ya ce yana share ido. "Na bi, uwar ɗakina. Yau ɗaya dai reshe ya fi gindi. To me zan rubuta a ƙasan hoton? Lokaci na tafiya."

"Rubuta: Kakanmu mai wanki, ya ciyar da 'ya'ya tara da dutsen guga ɗaya, bai taɓa ɓatar da ko hankicin wani ba. Ka sa hoton dukansa, har ƙafafun. A ƙasan naka kuma ka rubuta: Jikansa, a cikin kwat ɗin likita."

"Gwaggo Auta za ta ji haushi, an ƙwace mata nama a baki."

"Bar ni da ita, zan ba ta labarin koren zare ta rage zafi."

Ta mayar da hoton cikin ambulan ta miƙa masa, ta tura masa dutsen gawayin ma. "Ungo, na ba ka. A ɗauke shi hoto a sa a ciki. Ka riƙe da hannu biyu, ya fi duk abin da ka rubuta nauyi."

Ya rungumi dutsen da jaka ya nufi ƙofa. A bakin ƙofar ya tsaya, idonsa a kan wata baƙar kwat da ke rataye cikin leda.

"Wannan fa, ta wane ne? Kin san ranar Asabar ni zan yi jawabi..."

Uwar Sitaci ta ɗaga dutsen lantarkin da ke hannunta yana huci. Kafin ta zagayo teburin, jikan kyaftin ya kai tsallaken titi.