Yadda Za Ki Mayar wa Ƙawarki Suwaitarta da Sunan Kyauta

'Yar'uwa, idan kina da ƙawa mai saƙa, hidima ta same ta, kin rasa abin da za ki kai mata, gyara zama. Matakan nan shida an gwada su a cikin garin Haɗeja, kuma na ba ki tabbaci duk wadda ta bi su ba za a taɓa mantawa da kyautarta ba. Wadda ta gwada tana nan da ranta: Ummussalma mai sayar da shinkafa, aminiyar Fanna mai saƙa tun suna 'yan mata. Ambaliya ta cinye gidan Fanna, aka daɗe ana faɗi-tashi, bana ta tare a sabo can kan tudu. Aminiya kuwa ba ta zuwa tarewa hannu sake.

1. Ki yarda bakinki ne ya jawo miki

Shekara tara da suka wuce Fanna ta miƙa wa Ummussalma suwaita. Ummussalma ta ce, "Kai, ƙawata, wannan ai sai ke!" Shi ke nan. Kowace shekara ɗaya, yanzu tara ne jibge a akwati, a garin da sanyinsa bai fi baƙon sati uku ba. Ko ɗaya ba ta taɓa sawa ba, ko sau ɗaya kuma ba ta fasa yabo ba. Masana sun tabbatar mai saƙa ba ta jin yabo a matsayin yabo, oda take ji.

2. Kada ki sayi komai

Kwarashi? Tana da na hannu, da na jaka, da wanda take sosa kai da shi. Tabarau? Kin ce ta tsufa ke nan. Abin da mai saƙa take so ulu ne. Ulu kuwa, in kin yi tunani mai zurfi irin na Ummussalma, yana cikin akwatinki. Ki warware ɗaya, kin rage kaya, kin fita kunya.

3. Ki zaɓi wadda ta fi tsufa

Ummussalma ta tona har ƙasa ta zaro koriyar nan ta farko, wadda Fanna ta saƙa shekarar da ruwa ya kore su, suka yi wata guda a ajin makaranta kan tabarma ɗaya. Ta ce a ranta, wa yake tuna zaren shekara tara? Ke ma haka za ki ce, kuma kada ki tsaya jiran amsa.

4. Ki turara

Zaren da aka warware a murɗe yake fita kamar taliyar yara. Ki naɗa shi a ƙafar kujera, ki ɗora tukunya, ki bi da shi ta bakin tururi har ya miƙe. Ana cikin haka maigidanta Modu ya dawo daga fadama, ya leƙa madafa.

"Yau kuma miyar zare za mu sha?"

"Kyauta nake haɗawa, Malam."

"Wannan ba rigar da Fanna ta..."

"Ruwan wankanka na can yana hucewa."

Wajen hannun hagu na suwaitar za ki tarar da wani ƙulli, inda aka haɗa zaren da wani kore mai ɗan haske. Ki bar shi. Kwance ƙulli aikin marasa abin yi ne, kuma wa zai duba?

5. Ki miƙa da ƙarfin hali

Ki dunƙule shi gida uku, ki sa a leda mai ƙyalli. Ummussalma ta yi sallama, ta yaba ɗaki, ta yaba labule, sannan ta ajiye.

"Ga shi, ƙawata, ba yawa. Daga Kano na sa aka zo min da shi."

Fanna ta ɗauka ta shinshina. Ƙamshin kafur ne, irin na ƙasan akwati. Ta shiga jan zaren tsakanin yatsu tana hira, har ta zo kan ƙullin. Nan hirar ta tsaya. Can ta ce, "Madalla. Allah ya bar zumunci."

Ummussalma ta hau a-daidaita-sahu tana jin kanta mace mai dabara.

6. Kada ki ƙi zuwa suna

Wata biyu bayan nan Najwa 'yar Fanna ta haihu. Tsakiyar bazara ce, zafin da kare ma ba ya ketare titi. Mata sun cika tsakar gida kowa da mafici. Fanna ta ja Ummussalma ɗaki ta miƙa mata leda, ledar nan dai mai ƙyalli. Koriyar suwaita ce, ta dawo da ƙarin faɗi.

"Na ce ko jiki kika yi ta matse ki, shi ya sa kika warware."



Fanna ta juya hannun hagu na suwaitar ta nuna mata zaren mai haske. "Kin tuna wannan? A makaranta uluna ya ƙare, hanyar kasuwa duk ruwa. Ke kika cire hular ɗanki, kika warware da hannunki kika ba ni." Ta ninke hannun rigar. "Ummu, da kin ce ba kya so, ai da tuni na huta. Idona har ruwa yake yi. Ke kike cewa sai ni."

Kunya ta rufe Ummussalma, irin wadda ba ta taɓa ji ba, kuma ta san in ta fita da ledar nan a hannu, ita da Fanna sai gaisuwar hanya. Ta ajiye mayafi, ta zura suwaita a kan leshinta, ta fita tsakar gida. Mafitai suka tsaya. Wata tsohuwa ta ce, "Sannu, 'yar nan, zazzaɓi ne?"

"Lafiya lau, Inna. Ɗinkin suna ne."

Haka ta raba tuwo, ta raba zoɓo, gumi na bin ta har tafin ƙafa. Da la'asar Fanna ta zo da kanta ta kama wuyan rigar tana dariya tana share ido. "Cire, kada ki mutu min a gida. Na daina saƙa miki."

"Ba zan cire ba. Takwas sun rage."

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba ta da alhakin ƙurajen zafi, jiri, suma a gidan suna, ko mutuwar zumunci. Wadda ta bi matakan nan ita ta jiyo. Masu neman ulu kuma kada su je wajen Ummussalma. Ta sa wa akwatin kwaɗo.