Gashin da Ke Cikin Kujerar Surukina

Ko tsufa zai kwashe duk abin da ke kaina, ba zan taɓa mantawa da Kirsimetin da na farke kujera a gaban Rabaran da dattijon ikilisiya ba.

Ni tsohon hedimasta ne, cikin waɗanda aka horar a zamanin da ake duba farce da wuyan riga kafin a shiga aji. Duk Kafanchan an san ba na saurin cewa "to". Saboda haka da 'yata Rifkatu ta auri Bulus, ɗan Fadan Kagoma mai gyaran tsofaffin kayan ɗaki a Faransa, na sa albarka, amma ban daina sa masa ido ba. (Yaro da digirinsa ya ƙetare teku domin ya zama kafinta? Wannan bayani bai taɓa gamsar da ni ba.)

Wata rana sai ga ƙaton akwati daga wurinsu. A ciki kujera ce mai hannuwa, bayanta kamar ƙwai, ƙafafunta sirara a miƙe, an sassaƙa musu layi-layi irin na ginshiƙan tsohuwar kotu. Fentinta ya koɗe, ga 'yan ramukan ƙwari a jikin katakon.

"Baba, ta haura shekara ɗari biyu," in ji Rifkatu a waya. "Bulus ya ce ba wanda ya dace da ita sai kai."

Na yi godiya yadda tarbiyya ta tanada. A zuciyata kuwa na ce, mutumin da ke ƙasar sababbin kaya, me zai sa ya aiko wa surukinsa abin da ƙwari suka riga suka ɗanɗana?

Gaskiya ita ce kujerar tana da daɗin zama. Da na zauna, ciwon bayana ya lafa, jarida ta faɗi, barci ya ɗauke ni. A cikinta nake kuma ranar da Bulus ya sake roƙon in bar matata Saratu ta je ta taya su renon jariri, maganar da na daɗe ina ƙi. Sai na ji bakina ya ce, "To, ba laifi." Na ajiye wayar, na dubi kujerar. Wa ya ce to? Ni?

Washegari na kifa kujerar na yi mata binciken sufeto. A katakon ƙasa na ga wani baƙon suna da aka buga da ƙarfe. Sannan na ga wani dogon baƙin gashi ya leƙo ta gefen yadi. Na ja shi, wani ya biyo baya. Suna a ɓoye, gashi a ɓoye, ga mai gida ya koma mai biyayya. Ko ɗan aji ɗaya zai iya haɗa wannan lissafi.

"Malam, ka bar kujerar nan ta huta," in ji Saratu.

Na ci gaba da bincikena. Wadda za ta hau jirgi ba ta cancanci ba da shaida ba.

Da Rifkatu da Bulus suka zo Kirsimeti, na jira aka taso daga sujada, na gayyaci Rabaran da Dattijo Yohanna, abokina tun muna samari, zuwa falo. Na sa kwat ɗina. Na yi jawabi a kan amana da girmama iyaye, na kawo ayoyi, na nuna musu ɓoyayyen sunan, sannan na zaro wuƙar yanka kaji na tsaga mazaunin kujerar daga wannan gefe zuwa wancan. Gashi ya yi tsalle ya fito, tuli guda.

"Yesu!" Yohanna ya ja da baya. "Hedimasta, wannan kujera ba na lafiya ba ne!"

Bulus ya dafe kai, ya durƙusa, ba a gabana ba, a gaban kujerar. Na tambaye shi da muryar taron safiya ko ya san wannan gashi.

"Baba, ai ni na wanke shi, na taje shi, na mayar da shi da hannuna."

"Kun ji ya amsa!" na ce, har da buga ƙafa.

Kafin a ankara Yohanna ya rungumi gashin ya yi tsakar gida, ya jefa a murhun da ake dafa shinkafa, yana waƙar nasara. Ƙauri ya cika unguwa.

Rifkatu ce ta miƙo wa Rabaran wayarta. Bidiyon wurin aikin mijinta ne: kujeru a jere, buhunan gashin doki, ga ita kanta da tsohon ciki tana taya shi tajewa.

"Da shi ake cika su, Baba, tun kafin a san soso! Sunan kuma na magini... na wanda ya ƙera ta ne. Doka ce ta sa kowane gwani ya buga sunansa a aikinsa. Wani ya haɗa katako, wani ya sassaƙa, wani ya shafa fenti, wani ya ɗinka mazauni. Mijina ya yi watanni yana gyara maka ita, kai kuma ka kira shi boka ranar Kirsimeti!"

Rabaran ya yi ta tari a cikin hankicinsa, kafaɗunsa suna girgiza. Saratu ta ce, "Katifar aurenmu da ciyawa aka cika ta, Malam. Ita ma za ka kira mata dattawa?"

Na tuɓe hula na roƙi surukina gafara a gaban kowa, abin da ban taɓa yi wa ko jami'in ilimi ba. Ya ce ya yafe, zai kuma ɗinke ta kafin su koma, muddin an samu gashin doki. Rifkatu ta ce wanda ya jawo aka ƙone shi ne zai nemo.

Haka na bi kasuwa rumfa-rumfa, da kwat da sanda, ina tambaya a hankali ko akwai mai gashin wutsiyar doki. Wata mai citta, tsohuwar ɗalibata, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Baba Hedimasta, har da kai?" Kafin la'asar labari ya kai coci cewa tsohon hedimasta yana neman kayan asiri, kuma an ji ƙaurin gashi daga gidansa ranar Kirsimeti.

Na yi bayani har na gaji. Kowa ya saurare ni cikin ladabi, ya gyaɗa kai, ya matsar da jikansa daga kusa da ni. A nan na koyi cewa hujjojin mai zargi kullum a cike suke, musamman idan kai ne ake zargi.