Jar Kwalba a Garejin Sokodé

Wani ne a nan Sokodé. Ba zan faɗi sunansa ba, don ni da shi uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ba ni da ɗan'uwa.

Yana da gareji a gida. Moto, wato babur, na ciki, bidon, wato jarka, uku na fetur, tsummokara, har da kurfotin gawayin matarsa Zénabou. Ran nan yayan matar, Inusa, ma'aikacin kashe gobara a Dapaong, ya zo ziyara. Ya leƙa garejin, ya ja da baya.

Ya ce, "Kai, nan ɗakin moto ne ko gidan bom? Ka raba fetur da wuta. Ka aje bokitin yashi. Ka sayi jar kwalbar nan ta gobara, ka kula da ita sosai."

Mutumin ya ce, "An gama, Yaya."

Inusa na hawa mota, mutumin ya kira mai gyaran lantarki. "Yanke wutar garejin nan duka. Yaya ya ce ba ta shiri da fetur." Aka yanke, aka cire ƙwai.

Ya sayo kwalbar, ya naɗe ta da sabon bargo, ya ɗora a kan kantar garejin. Yashi kuma ya cika bokiti fal.

Ranar Asabar da hantsi sifana ta faɗi bayan bidon. Gareji ba taga, duhu ƙirin. Ya ƙyasta ashana, ya kunna kyandir, ya duƙa. Tsumma ya kama.

"Zénabou, yashi!"

Ta amsa daga madafa, "Wane yashi? Gyaɗa nake soyawa da shi."

"Kawo haka nan!"

"Ba ta soyu ba."

Ya kutsa cikin hayaƙi, ya fito a guje rungume da wani abu, bai tsaya ba sai bakin masallaci. Maƙwabta ne suka janye bidon, suka kashe wutar da ƙasa. Moto dai sai ƙarfe, gemunsa kuma rabi.

Da yamma Inusa ya bugo daga Dapaong.

"An ce gobara. Kowa lafiya?"

"Lafiya lau, Yaya. Moto ne kawai."

"To kwalbar fa? Ba ka saya ba?"

"Na saya mana."

"Ina take lokacin da wuta ta tashi?"

Ya ce, "Kwantar da hankalinka, Yaya. Ita na fara cetowa, ko hayaƙi bai taɓa ta ba."